Kyamarar Baba da Layin Alli

Akwai wani mai ɗaukar hoto da mutane ke kira Gwani, amma a gida Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a wurin mahaifinsu. Hannunsa yana da kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. In ya ɗauke ka, sai ka dubi hoton ka ce ashe haka nake ban sani ba. Ciwonsa ɗaya ne: ya san ya iya, kuma yana so duk wanda ya shigo inda yake ya san da haka.

Sana'ar a gida ya tarar da ita. Mahaifinsu tsohon mai hoto ne, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai jar fitila. In ka shiga falon Baba, bango ba masaka tsinke saboda hotuna. Ga marigayiya mahaifiyarsu tana ɗinki, ga 'ya'ya tun suna rarrafe, ga jikoki, ga maƙwabta. Har wata kyanwa mai ido ɗaya da ta mutu tuntuni tana da nata hoton a rataye.

Mutum ɗaya ne babu a bangon nan, shi ne Baba da kansa.

Bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Da ka ɗaga waya sai ya kare fuska da tafin hannu, ko ya juya maka ƙeya yana dariya. Wayoyin jikokinsa cike suke da tafin hannunsa. Ban da ɗan mitsitsin da ke jikin katin shaidarsa, wanda ya koɗe har ba ka bambance hanci da baki, babu hoton tsohon nan a duniya. In aka matsa masa sai ya ce, "Ni wurina bayan kyamara ne. In na shiga, wa zai ɗauke ku?"

Kyamarar da yake nufi tana nan a cikin durowarsa, nannaɗe da tawul. Baƙa ce, irin mai naɗewa, in an rufe ta sai ta shiga aljihun kwat. Ka danna wani ɗan maɓalli a gefe, ƙofarta ta faɗo, gilashin ya fito gaba a kan wata fata mai ninki-ninki kamar zuga-zugin maƙera. Da ita Baba ya ci da su, ya sha da su, ya kai su makaranta.

Auta yana da wa, babban ɗan gidan, kowa Yaya yake ce masa. Mai faci ne a bakin titi. Dogo ne, mai yawan dariya, hannuwansa kuwa ko da wane sabulu ya wanke sai ka ga baƙin taya a layin yatsunsa. Shi ya yi ta goyon Auta suna yara, shi kuma ya laƙaba masa suna Kumatu, saboda kumatun da yake da su a lokacin.

To ku ji abin da ya haɗa su, ku kuma yi mini alƙalanci.

Wata shekara Auta ya baje kolin hotunansa a wani babban zaure. Manyan mutane suka zo, masu turare da takalma masu ƙyalli. Ana cikin haka sai ga Yaya ya shigo daga wurin aiki, ko riga bai sake ba, murna ta hana shi komawa gida. Ya tsaya gaban wani babban hoto, ya ɗora yatsa a kai, ya ɗaga murya.

"Kai Kumatu! Kai ne ka yi wannan? Yaron da nake share wa majina?"

Mutane suka kwashe da dariya. Da ya ɗauke yatsan, sai ga baƙin tabo a farin gefen hoton.

Shi ke nan laifin. Wallahi babu wani bayan wannan. Yaya ya ba da haƙuri a ranar, ya sake bayarwa washegari. Auta ya ce ba komai, amma ya kai abin can ƙasan zuciya ya ajiye. Shekaru suka wuce, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga Auta a daƙile take fitowa. Shi kuwa Yaya, Allah sarki, ko a jikinsa. Duk inda ya hango ƙaninsa sai ya washe baki, "Kumatu na!"

Ana nan sai jikin Baba ya fara ƙi. 'Yar'uwarsu mace, wadda suke kira Nas saboda aikin asibiti take yi, ita ta tara su ta faɗa musu gaskiya. Zuciyar tsohon ta gaji. Ta ce duk mai abin da yake so ya yi masa, ya yi yanzu.

Ba a jima ba Baba ya aika a kira masa Auta. Ya same shi a zaune bakin gado, kyamarar tana kan cinyarsa.

"Auta, zan tsaya a ɗauke ni."

Auta ya zaro ido. "Baba, da gaske?"

"Sau ɗaya. Kuma da sharaɗi. Da wannan kyamarar za a ɗauka, ban yarda kowa ya ɗaga mini waya ba. Ina son kowa nawa ya shiga, 'ya'ya da surukai da jikoki, a tsakar gidan nan. Layi ɗaya nake so. Na gaji da hoton da wani ke leƙowa ta bayan kan wani. Kowa ya tsaya da ƙafarsa, a gan shi daga sama har ƙasa."

Auta ya yi lissafi a ransa. Zuriyar Baba ta haura talatin. Tsakar gidan tana da tsawo amma ba ta da faɗi, in ka ja da baya kaɗan sai ka ji bango a gadon bayanka. Kyamarar kuwa hotonta ɗan madaidaici ne, ko rabin layin ba za ta kwashe ba.

"Baba, ba za su shiga ba."

"Ba kai ne Gwani ba?" in ji tsohon, yana murmushi.

Wannan kalmar ta shiga kan Auta. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya ce a ba shi kwana kaɗan.

A shagonsa ya rufe ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya buɗe bayan kyamarar. A ciki akwai wata taga ta ƙarfe, inda fim ke kwanciya haske ya same shi. Girman tagar shi ne girman hoton. Dabarar da ya yanke ita ce ya faɗaɗa ta hagu da dama, hoton ya fito dogo siriri, ya kwashe layin gaba ɗaya.

Ya kwance ƙananan kusoshi ya zuba a murfin kwalba. Ya cusa auduga cikin zuga-zugin don kada garin ƙarfe ya shiga. Sannan ya ɗauki magagari ya fara goge gefen tagar. Da farko ya bi a hankali, don ya san ƙarfen da ka goge ba ya dawowa. Daga baya daɗin aikin ya kwashe shi. Ya goge, ya busa, ya auna, ya sake gogewa. Ya matsar da 'yan sandunan da fim ke bi ta kansu. Ya toshe tsohon jan ramin da ake leƙa lambar fim ta cikinsa, ya huda sabo. Inda ƙarfe ya yi fari ya shafa baƙin fenti.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Kyamarar tana naɗewa tana buɗewa kamar ba a taɓa ta ba.

Ya sa fim, ya fita bayan shago ya ɗauki wani dogon bango don gwaji. Da ya wanke ya buga a takarda, sai ya yi tsaye da hoton a hannu. Tsakiya tar, har tsagar bulo kana gani. Amma can ƙarshen hagu da ƙarshen dama hoton yana dusashewa, yana dusashewa, har ya koma baƙi ƙirin. Gilashin kyamarar an yi shi ne don ƙaramar taga. Haskensa bai kai ƙarshen sabuwar ba.

Wannan ba wata masifa ba ce. Washegari da hantsi ya je gidan Baba, ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku a jikin bango, ya manna wata siririyar takarda a tagar yana leƙen yadda tsakar gidan ke faɗowa a kanta. Ya gano daidai inda haske ke ƙarewa. Ya ɗauki alli ya ja ɗan layi a siminti ta hagu, ya ja wani ta dama. Ya auna tsakaninsu da taku. In aka matsu kafaɗa da kafaɗa, kowa zai shiga, har da ɗan rara.

Kun ji ko? Kowa zai shiga. Ku riƙe wannan.

Yana durƙushe da allin a hannu sai ga Yaya ya shigo duba Baba, da ledar magani a hannunsa.

"Kumatu! Zanen me kake yi a ƙasa, ko makaranta za ka koma?"

Ya wuce yana dariya. Auta ya bi bayansa da kallo. Sannan ya dubi layin allin da ke dama, ya dubi wurin da ke bayan layin, wurin da bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba kafin randar ruwa. Wani tunani ya faɗo masa, ƙarami, mai sanyi. Maimakon ya kore shi, sai ya ba shi kujera.

Wannan hoton shi za a rataye a kowane gida. Shi za a nuna wa jikokin jikoki. Shi da kansa zai buga babba ya sa a shagonsa, manyan mutane su gani. Me zai sa baƙin hannun nan ya ɓata masa shi? Ba korarsa zai yi ba. Ba zai ce masa komai ba. Zai tsayar da shi a ƙarshen layi ne kawai, in hoto ya fito a ce tsohuwar kyamara ce.

Tir da wannan tunani. Amma haka ya yi shi, har yana jin kansa mai wayo.

Kafin ya tafi ya shiga ya nuna wa Baba aikin. Tsohon ya sa tabarau, ya buɗe bayan kyamarar, ya shafa gefen da aka goge da yatsa. Ya ɗaga ta saitin taga, ya buɗe gilashin, ya leƙa ta tsakiya. Sannan ya karkata ta ya leƙa ta gefe. Ya daɗe a haka.

"Ka faɗaɗa ɗaki," in ji shi, "amma fitilar ita ce dai ta da."

Auta ya dake. "Na gwada, Baba. Tana ɗaukar kowa."

"Kowa?"

"Kowa da kowa."

Baba ya rufe kyamarar ya miƙa masa. "To madalla."

Ranar da aka sa, gida ya cika tun da rana. Yara na guje-guje, mata na gyara wa juna ɗankwali, surukai maza na tsaye a gefe suna duba agogo. Nas ta bi kowa ta karɓe wayoyi ta zuba a kwando, kamar yadda Baba ya ce. Yaya ya zo da sabuwar riga fara, har da guga. Ya nuna wa Auta hannuwansa yana dariya.

"Duba, tun safe nake dirza su da toka da lemun tsami. Yau ba zan ba ka kunya ba."

Auta ya kau da kai, ya ce a fara jeruwa kafin rana ta juya.

Ya ajiye kujerar Baba a tsakiya, wata mai hannu da aka ɗauko daga falo. Ya bar wa kansa wuri a damanta. Ya fara jera mutane daga layin hagu, yana cewa, "Ku saki jiki, kada ku matsu, hoto ba ya son cunkoso." Nan ya bar tazara, can ya bar tazara. Da aka zo ƙarshe, layi ya cika daidai kan allin dama, saura mutum ɗaya.

"Yaya, kai ka fi kowa tsawo. Ka rufe mana layi."

"An gama, ranka ya daɗe!" in ji Yaya. Ya tsallake allin ya tsaya kusa da randa, ya gyara wuyan riga, ya ƙame kamar soja.

Sannan Nas ta fito da Baba, yana dogara sanda. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon zuriyarsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, idonsa ya ciko. Ya dubi kujerar. Ya dubi ƙasa, inda allin hagu yake. Ya bi siminti da ido har allin dama. Ya ga ƙafafun da ke bayansa.

Bai nufi kujerar ba. Ya saki hannun Nas, ya bi gaban layin a hankali, ƙwas, ƙwas, yana wuce jikoki, yana wuce surukai, har ya isa ƙarshe. Ya dafa kafaɗar Yaya, ya faɗa masa wata magana ƙasa-ƙasa, ya tura shi ciki. Mutanen wurin suka ɗan matsa. Yaya ya shiga cikin allin. Baba ya tsaya a inda Yaya ya tashi.

Auta ya ɗago daga bayan kyamarar.

"Baba, ga kujerarka can a tsakiya."

"Na gan ta. Nan nake so."

"Ai ba za ka iya tsayuwa ba. Nas, faɗa masa."

"Zan dafa yayanku," in ji Baba. "Ya saba ɗaukar nauyi."

"Baba, tsakiya ta fi kyau. Kai ne mai gidan."

Tsohon ya dube shi, kallon da babu faɗa a ciki. "Akwai abin da ke damun wurin nan ne, Auta? Ba ka ce tana ɗaukar kowa ba?"

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Uba ya buɗe wa ɗansa ƙofa da hannunsa. Kalma kaɗan ce: Baba, wurin nan ba ya fita, ku matso duka. Da ya faɗa, da an matsa, da an wuce wurin. Amma in ya faɗa, kowa zai juya ya dubi wanda aka fara tsayarwa a can. Nas za ta gane. Surukai za su gane. Matarsa da 'ya'yansa za su gane. Yaya, da farar rigarsa da hannuwan da ya dirza da toka, zai gane.

Auta ya ce, "Babu komai, Baba. Tana ɗauka."

"To ɗauka."

Ya ce a ransa, bari a yi wannan, in an gama zan lallaɓa shi a sake wani yana zaune. Ya leƙa, ya gyara, ya ja ɗan ƙarfen da ke ba mai ɗauka lokaci ya shiga hoto, ya danna. Kyamarar ta fara ƙara, ƙirrrr. Ya ruga ya tsaya a wurinsa kusa da kujerar.

Ƙarar tana tafiya. Har a lokacin yana iya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Maganar tana bakinsa. Ya tuna dariyar mutanen zauren nan, ya danne ta. Ya ɗaga haɓa, ya yi murmushin da ya saba koya wa masu zuwa shagonsa.

Ƙyas.

Yara suka yi ihu, aka fara tafi. Auta ya yi sauri, "Kowa ya tsaya! A ƙara ɗaya, Baba ya zauna."

"Sau ɗaya na ce," in ji Baba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, ƙarfinsa ya ƙare. Yaya ya sunkuya ya ɗauke shi cak, kamar yadda ake ɗaukar yaro, ya shige da shi ɗaki.

Auta ya koma washegari da kyamarar, Nas ta ce Baba barci yake, kada a tashe shi. Ya sake komawa, ya tarar an wuce da shi asibiti. A can fuskar ta kumbura, ga robobi a hanci, ba fuskar da mutum zai so a tuna shi da ita ba ce. Auta ya zauna a bakin gadon, suka haɗa ido, ya so ya faɗa masa gaskiya, ya fasa. Ya ce a ransa sai Baba ya ɗan ji sauƙi tukuna.

Bai ji sauƙin ba. Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mutane sun watse, gida ya yi shiru, sai kowa ya koma kan magana ɗaya: hoton. Nas tana kira safe da yamma. Na nesa suna aiko da saƙo. Wata jika ta ce ita fa har ta fara manta yadda idon Kaka yake. Auta ya yi ta kawo dalili, yau maganin wanki ya ƙare, gobe takarda ba ta iso ba. Fim ɗin yana cikin durowarsa, ko kallon durowar ba ya son yi. Yana ta faɗa wa kansa wataƙila ya yi kuskuren awo, wataƙila hasken ya ɗan wuce allin.

Ranar da Nas ta ce za ta zo shagon ta zauna har sai ta gani, ya shiga ɗakin wanki ya rufe. Ya wanke fim ɗin. Ya sa doguwar takarda a ruwan magani, ya tsaya yana kallo a ƙarƙashin jar fitila.

Tsakiya ce ta fara fitowa. Kujera mai hannu, tar da ita, har zanen yadin da ke jikinta kana ƙirgawa, babu kowa a kai. Kusa da ita ga Gwani, haɓa a sama, yana murmushi. Sai sauran suka biyo, hagu da dama, kowa daga sama har ƙasa kamar yadda Baba ya so. Can ƙarshe ga Yaya, ya ɗan yi duhu amma shi ne, farar rigarsa ta taimake shi.

A kafaɗar Yaya akwai hannu. Yatsu huɗu sirara da bakin hannun riga. Daga nan sai baƙi.

Ya sake bugawa, ya rage wa gefen wuta. Ya sake, ya sake. Ya ɗauki fim ɗin ya ɗora a na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya ja haske har hoton ya farfashe. Babu komai a wurin. Abin da haske bai taɓa ba, babu gwanin da zai fito da shi. Ya zauna a ƙasan ɗakin, cikin warin magani, ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar.

A falon Baba ya shimfiɗa musu hoton a tebur, a ƙarƙashin bangon nan mai cike da fuskoki. Nas ta bi layin da yatsa tana neman mahaifinta. Ta kai ƙarshe, ta dawo, ta sake bi.

"Ina Baba? Auta, ina Baba?"

"Kyamarar ce," in ji shi. Muryar ko shi bai gane ta ba. "Tsohuwa ce, gefen bai..."

Yaya ne ya fara dafa shi. "Kumatu, kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iya yinka. Ƙarfe ne, ya tsufa."

Sannan ya sunkuya a kan hoton. Ya miƙa yatsa zai taɓa hannun da ke kafaɗarsa, sai ya tsaya, ya janye, ya goge yatsan a wando, bai taɓa ba. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya dubi tazarar da ke tsakanin mutanen tsakiya, wadda yaro zai iya wucewa ta ciki. Ya miƙe a hankali, ya leƙa tsakar gida ta taga. Ba a yi ruwa ba tun ranar, allin yana nan dishi-dishi kusa da randa.

"Da Baba ya zo ya tura ni," in ji shi, ba tare da ya juyo ba, "cewa ya yi, matsa ciki ɗan nan, nan ba wurinka ba ne. Na ɗauka inuwar bango yake so."

Ya juyo. Babu dariya a fuskarsa, kuma Auta bai taɓa ganin fuskar nan babu dariya ba.

"Nan ka fara tsayar da ni. Ka san ba ya fita?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, kuma ka ga ya tsaya a wurin, ka danna?"

Nas ta dafe baki ta zauna a ƙasa. Babu wanda ya yi zagi, babu wanda ya ɗaga hannu. Da ma an zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Yaya ya ce a ba shi almakashi. Ya yanke ƙarshen hoton, daidai kafaɗarsa da hannun da ke kanta, ya sa a aljihun gaban riga. Ya tura wa Auta sauran.

"Wannan naka ne. Ka fito da kyau."

Har yau in ka je rumfar facin nan ta bakin titi, za ka ga ɗan guntun hoto a cikin leda, manne a jikin akwatin kayan aiki. Duk wanda ya tambaya sai Yaya ya ce, "Mahaifina ne." In aka ce ai hannu ne kawai, sai ya ce, "Ni ya ishe ni."

Doguwar takardar kuwa babu gidan da aka rataye ta. Kyamarar tana shagon Auta a naɗe, bai sake buɗe ta ba.

Yaya bai yanke zumunci ba. In sun haɗu yana tsayawa, yana miƙa hannu, yana tambayar iyali. Sai dai tun daga ranar, sunan nan da Auta ya tsana ya bar bakinsa. Kwanaki suka yi kiciɓis a ƙofar gidan Nas. Auta ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, idonsa ya kawo ruwa, yana jiran ya ji an ce Kumatu ko sau ɗaya.

Yaya ya zare hannunsa a hankali.

"Sannu da aiki, Gwani," in ji shi, ya wuce.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka tura ɗan'uwanka inda ba za a gan shi ba, don ba ka san wanda zai je ya tsaya a wurin saboda shi ba. Kuma in aka ba ka damar gyara kuskure da kalma ɗaya, ka faɗe ta a lokacin, ko da za ka ji kunya a gaban mutane. Kunyar za ta wuce, amma wani abin in ya wuce ba ya dawowa. In kana da ɗan'uwan da ka ajiye a gefe saboda ƙaramin laifi, kira shi yau. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai alli a hannu da zai karanta ya ajiye.